Kullum ana sa giris, amma boris yana mutuwa: ina laifin yake?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da injin niƙan masara da na casar shinkafa a wajen Ɗan Magaji, nan Zariya. Daga kaka zuwa yau sau uku ina canja boris ɗin da ke gefen fuli a injin niƙa, alhali yarona yana sa masa giris kowace safiya a kan idona. Sannan injin gas ɗin da ke jan su, wanda aka yi wa gyaran gaba ɗaya har da gurzar karanshaf, bai cika sati uku ba metal ya ƙone, ga kuma baƙin mai cike. Bakanikena ya ce jabun kaya ne suka cika kasuwa. Kayan ne, ko man ne, ko akwai abin da ba mu gani ba?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa sana'a albarka, ya mayar da abin da aka rasa. In na fahimce ka, abin da ke damun ka shi ne yadda ƙarfen da ake ba mai kullum yake mutuwa irin mutuwar wanda bai taɓa ganin mai ba. Jabun kaya kam akwai su, ban ƙaryata bakanikenka ba. Duk wanda ya shiga layin 'yan kayan gyara a Sabon Gari ya san za a ɗauko masa boris uku masu lamba ɗaya da kwali iri ɗaya, amma kuɗinsu hawa uku. Sai dai idan kujera guda, wato mazaunin boris, ce ke cin boris sau uku a jere, ɗaya gefen kuma yana zaune lafiya, da wuya laifin ya tsaya a kasuwa. A shekarun da na yi ina kwance injuna a masana'antun matsar mai da na casa, wurin da nake fara dubawa shi ne hanyar da man ke bi. Abin da ka gani da idonka shi ne an sa giris a bakin hanya. Ko ya isa inda ake jiran sa, wannan ba a ganin sa daga waje, kuma ina kyautata zaton matsalolinka biyu a nan suka haɗu.

Abin da mai ke yi tsakanin ƙarfe biyu

Shaf da ke juyawa cikin metal, wato ɓari biyun farin ƙarfe da ke rungume wuyan karanshaf, ko cikin bushin, bai kamata ya taɓa shi ba sam. Yana shawagi ne a kan wani siririn shimfiɗin mai wanda kaurinsa bai wuce 'yan maikiron ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gashin kan mutum yana kai maikiron 70, ido kuma ba ya iya ganin abin da ya gaza wajen 40. A cikin boris mai ƙwallaye shimfiɗin ya fi haka siranta, sau da yawa ba ya kai maikiron guda. Ke nan ƙurar da ke kashe inji ita ce wadda ba ka gani, kuma tsayawar mai na 'yan daƙiƙu ya isa ƙarfe ya goga ƙarfe.

Akwai wani labari da nake son ba yaran da nake koya wa aiki. A 1883 wani injiniyan Ingila, Beauchamp Tower, yana gwaji a kan irin kujerar da ke ɗaukar shaf ɗin tayoyin jirgin ƙasa. Ya huda ta daga sama, daidai inda nauyi ke sauka, don ya riƙa zuba mai ta nan. Maimakon man ya shiga sai ya riƙa ɓulɓulowa waje. Ya toshe hudar da toshiya, man ya tunkuɗe ta. Ya buga guntun itace, shi ma ya fito. Da ya ɗaura ma'auni sai allura ta wuce fam 200 a kan kowane murabba'in inci, iyakar abin da ma'aunin ke iya nunawa. Bayan shekara uku, a 1886, Osborne Reynolds ya fitar da lissafin abin: juyawar shaf ce ke jan mai zuwa matsattsen wuri, matsin da ke taruwa a nan shi ke ɗaga shaf ɗin. Daga nan aka gane cewa ba a huda ƙofar mai ko yanka tsagi a inda nauyi ke sauka, domin ta nan matsin zai tsere. Ana shigar da mai ta gefen da ba nauyi, shaf ya ja shi da kansa. Na sha ganin masu injin juyi sun yi wa mutum sabon bushin na tagulla, aiki mai kyau, sannan su yanka masa tsagi gicciye ko'ina wai don mai ya wadata. Niyyar mai kyau ce, amma sun rage wa bushin ɗin ƙarfin ɗaukar kaya.

Boris ɗin gefen fuli

Ina ɗauka irin boris ɗin nan ne mai gida na ƙarfen zubi da ƙafa biyu, wanda ake rubuta wa UCP 208 ko 210, wato na shaf mai milimita 40 ko 50. Bi hanyar giris da ni. Daga bindigar giris yana shiga kan giris, wanda kanikawa ke kira nipul, mai 'yar ƙwallo da sifirin a bakinsa. Daga nan ya bi huda ta cikin gidan, ya faɗa wani tsagi da ya zagaye, sannan ya nemi wata 'yar ƙaramar huda a jikin zoben waje na boris, wadda da ƙyar tsinken ashana ke shiga. Sai ya wuce wannan kafin ya ga ƙwallaye. Ko'ina a hanyar nan aka samu cikas, duk abin da yaronka ke yi da safe zuba ruwa ne a kwando.

Wata shekara a tsakiyar hunturu aka kira ni wani gidan casa a hanyar Jos, ta wajen Dakace, da irin kukan da ka kawo. Na ce yaron ya sa giris in gani. Ya danna sau shida, giris yana tsartowa ta gefen bakin bindigar, yana taruwa a kan gidan, ya sa yatsa ya shafe, shi a wurinsa aiki ya kammala. Da muka zare boris ɗin muka tarar tsagin ya cike da wani abu baƙi mai tauri kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana biyu a rana, sai da na sa waya na ƙwaƙule shi gutsure-gutsure. Ƙwallayen kuwa a bushe suke ƙamas, sun yi shuɗi saboda zafi, ga jar ƙura kamar garin barkono a jikin kejinsu. Wata uku ana ciyar da wajen gida, cikin gida yana fama da yunwa. Mai wurin ya riga ya sallami kanikawa biyu a kan laifin da ba nasu ba, abin ya tsaya mini a rai.

Me ke kawo wannan taurin? Giris ba komai ba ne illa mai da aka riƙe shi cikin wani irin sabulu, kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari mai ne. Idan zafi ya yi yawa ko ya daɗe zaune a matsattsiyar hanya, man ya tsiyaye, sabulun ya rage a baya ya daskare. Ƙara masa ƙurar hunturu da garin masara, sai ya koma kamar siminti. Ƙaiƙayin shinkafa ya fi muni, don yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, shi ya sa yake cin ƙarfen injin casa. Duk sanda aka ɗora bindiga a kan nipul ba a goge shi ba, da hannunmu muke tura wannan ƙurar ciki. Haka giris ɗin da ake auna wa mutum a leda daga buɗaɗɗen bokiti a bakin titi: kafin ya iso wurinka ya riga ya sha ƙasa. Sannan ga gauraya. Yau an sayo ja, gobe ruwan ɗorawa, jibi baƙi, alhali ba kala ce ke bambanta giris ba, irin sabulun cikinsa ne. Mai litiyam, wanda shi ya fi yawa a kasuwa, ba ya jituwa da wasu, musamman irin wanda ake cika boris ɗin motar lantarki, wato wadda ke juya inji da wuta, da shi daga masana'anta. In suka haɗu, ko dai su tsinke su zube, ko su daskare su toshe hanya. Ka tsaya a kan iri ɗaya, mai litiyam lamba 2, cikin rufaffen gwangwani.

Wani lokacin kuma hanyar fes take, ɗaurin ne ya rufe ta. Boris ɗin irin wannan gida yana shiga ta fuska biyu, amma a yawancinsu ta fuska ɗaya ce kawai hudarsa ke haɗuwa da tsagin. In aka juya shi, ko aka sa na wani kamfani a gidan wani kamfani, sai huda ta koma gefe, giris ya rasa mashiga tun ranar farko. Akwai kuma waɗanda ba su da hudar gaba ɗaya. A gidajen da ake sa boris na yau da kullum, idan ka ga 2RS a ƙarshen lambar, rufaffe ne da roba ta fuska biyu, an cika shi tun daga masana'anta, giris ɗin da kake turawa ba ya shiga. Manyan boris masu gangar ƙarfe layi biyu, waɗanda ke cikin injin matsar mai, idan an rubuta musu W33 suna da tsagi a bayan zobe da huda uku. In aka musanya da marar wannan alama a gidan da nipul ɗinsa ke tsakiya, an toshe hanya ke nan.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Kafin a sa sabon boris, a wanke gidan da kananzir, a cire nipul a danna giris ta cikinsa a ga ya fito, a mayar da shi a danna har sabon giris mai tsabta ya bayyana a cikin tsagin. Sannan a sa boris, a duba da ido cewa huda ta hau kan tsagi, a danna a hankali ana juya shi da hannu har a ga ɗan giris ya leƙo ta gefen roba. Idan bindiga ta yi tauri ta ƙi dannuwa, kada a sa ƙarfi. Bindigar hannu tana iya tara matsi har fam 10,000 a kan kowane murabba'in inci, robar boris kuwa ba ta jure ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Kuma kada kowa ya tare bakinta da yatsa, giris yana huda fata ya shige tsoka, abin da kan kai mutum ga tiyata.

Sai maganar kowace safiya, wadda nake ganin ita ma tana da hannu. Yawan giris yana kashe boris kamar yadda rashinsa ke yi. In aka cusa shi ya cika maƙil, ƙwallaye sai su yi ta tuƙa shi kamar tuwo, zafi ya tashi, man ya rabu da sabulu, a dawo kan toshewar da muka faɗa. Ƙa'idar da masu ƙera boris suka bayar ita ce a ninka faɗin zoben waje da kaurinsa a milimita, a ninka da 0.005, abin da ya fito shi ne giram ɗin da za a ƙara. Ɗauki 6208: faɗi 80, kauri 18, ya ba ka giram 7 da ɗan kai. Bindigogi sun bambanta, don haka ka danna sau goma a kan takarda, ka kai wa mai ƙaramin sikeli ya auna, ka san abin da dannawa guda ke fitarwa. Ga rufaffen boris irin na UCP, dannawa biyu ko uku a hankali sau ɗaya a mako sun fi shida kullum amfani, ko a cikin ƙura irin taka. Tazarar da ke tsakanin sa giris tana raguwa da zafi: daga digiri 70 zuwa sama, duk ƙarin digiri 15 sai a raba ta biyu. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗora bayan hannu a kan gidan bayan an tsayar da inji. In ba zai iya ƙirga biyar ba, ya haura digiri 60, a fara neman dalili. A bazarar Zariya, Maris da Afrilu, cikin rumfar kwano, ba wuya a kai nan.

Injin gas da metal ɗin da ya ƙone

Baƙin mai cike a tukunyar inji shaida ce kawai cewa akwai mai a tukunya. Tafiyarsa doguwa ce. Famfo ya zuƙe shi ta raga, ya tura shi ta filta zuwa babbar hanyar da aka huda a jikin bulo, wato gangar jikin inji, daga nan ya rarrabu zuwa kujerun karanshaf. Shi kansa karanshaf an huda shi a karkace ta ciki, ta nan man ke bi ya kai metal ɗin sandar fistin, wanda shi ne a ƙarshen layi, kuma galibi shi ke fara ƙonewa.

Inji ya yi shekaru yana aiki, a gyara shi ya mutu cikin sati uku: a irin wannan zargina na farko yana kan wankin da aka yi bayan gurza. Dutsen gurza yana barin garin ƙarfe da garin dutse, su kuma suna maƙalewa cikin tsohon dattin da ke kwance a hudojin karanshaf. A gareji da yawa abin da ake yi shi ne a watsa masa fetur a goge da tsumma, ya yi ƙyalli a waje, a ɗaura. Ranar da aka tayar da inji, mai mai zafi ya kwaso wannan garin ya kai shi kan sabon metal kai tsaye, domin hudojin karanshaf suna bayan filta ne, babu abin da zai tace shi. Wankin gaskiya sai an cire duk toshiyar da ke ciruwa, an zura siririn buroshi irin na goge bututu a kowace huda da kananzir, an bi da ruwan zafi da sabulu, an busa iskar kwamfuresa, an maimaita har farin ƙyalle ya fito fari, sannan a shafa mai nan take don tsatsa. Haka za a yi wa babbar hanyar cikin bulo. Kuma a taɓa bakin kowace huda da yatsa, domin gurza tana barin sa da kaifi. Sai an ɗan dakushe shi, in ba haka ba ya riƙa kankare metal kamar aska.

Na biyu ɗaurin metal. A yawancin injuna, metal ɗin kujerar karanshaf ɓari biyu ne da ba iri ɗaya ba: na sama yana da huda da tsagi, na ƙasa sumul yake saboda shi ke ɗaukar nauyi, darasin Tower ke nan. In aka musanya su, sumul ɗin ya rufe ƙofar mai ruf. Na uku gam ɗin gasket da ake matsawa daga tub. Ana lafta shi da yawa don gudun yoyo, abin da ya matso ta ciki ya bushe ya zama zare-zare, ya faɗa tukunya, ya je ya liƙe a raga. Na taɓa zaro abin da ya cika tafin hannuna daga ragar wani janareta mai silinda huɗu. Na huɗu awo. Idan an gurza karanshaf zuwa abin da kanikawa ke kira ten, wato an rage milimita 0.25, dole metal ya zama na wannan awon. Ratar da ake so kusan kashi ɗaya ce cikin dubu na kaurin shaf, shaf mai milimita 60 yana neman abin da bai yi nisa da 0.06 ba. In ta matse mai ba ya samun wurin shiga, in ta yi yawa ya zube ta gefe matsi ya faɗi.

Tsohon metal ɗin zai gaya maka wanne ne, don haka kada a jefar da shi. In ka ga zane-zane sun zagaye shi kamar an ja ƙusa, da ɗigo-ɗigon abu a nutse cikin farin ƙarfen, datti ne. In ya narke ya shafe, ya yi baƙi, wuyan karanshaf ya yi shuɗi, yunwar mai ce.

Idan injinka irin na Sin ne mai silinda ɗaya a kwance, kamar S195 ko ZS1115, duba saman murfin kai, akwai wata 'yar jar alama cikin gilashi da ke tashi idan mai ya iso da matsi. An sa ta can nesa da famfo da gangan. Yaro ya riƙa kallon ta duk sanda ya tayar, in ba ta tashi ba ya kashe nan take, kuma a goge gilashin don ƙura tana rufe shi. Bayan kowane gyara a ɗaga hannun sassauta matsi a yi ta juya inji ba tare da ya kama ba, har alamar ta tashi, sannan a bar shi ya tashi. Da yawan waɗannan injuna raga kawai gare su, ba filtar takarda, saboda haka wanke ragar da canja mai a kan lokaci shi ne duk kariyarsu. Man farko bayan gyara a zubar da shi da wuri, yana da zafi. In kuwa Lista ne mai tafiyar hawainiya, ko kwaikwayonsa na Indiya, shi da fantsama yake aiki: wani ɗan cokali a gindin sandar fistin ke tsoma baki cikin mai yana watsawa. A nan abin dubawa shi ne cokalin bai karye ko ya lanƙwashe ba, kuma hudojin da ke karɓar fantsamar a buɗe suke.

Giyabos da motar lantarki, in kana da su, magana ɗaya ce a taƙaice. Giyabos yana da 'yan kwatoci a jikin bango da ke tara mai su kai wa boris, da hudar da man ke komawa ƙasa. Gasket da aka yanka da hannu daga kwali yakan rufe wannan hudar, sai sil ya yi ta yoyo a yi ta canja shi a banza. Hudar numfashinsa ta sama ma tana toshewa da ƙura. Motar lantarki kuma tana da toshiya a ƙasan gidan boris, a cire ta kafin a sa giris, a bar motar ta yi aiki kamar minti ashirin rarar ta fita, in ba haka ba cikin wayoyi za ta nufa.

Inda maganata ta tsaya

Alhaji, ban ga injinka ba, kuma ba a yanke wa ƙarfe hukunci daga nesa. Gefen fuli shi ke ɗaukar jan bel, don haka in an bi hanyar giris an same ta fes, a duba ko bel ya yi tsauri fiye da kima, ko fulin inji da na niƙa ba sa kan layi ɗaya, wanda zare ko miƙaƙƙen ƙarfe zai nuna. A duba ko shaf ya lanƙwashe, ko ya cinye a mazaunin boris har yana rawa, ko gudumomin cikin injin niƙa sun cinye ba daidai ba suna jijjiga shi. Kowanne daga cikin waɗannan yana kashe boris na asali komai kyawun giris. Awon karanshaf kuma sai mai maikiromita, na'urar auna kaurin ƙarfe, a kai shi wurin da za a auna a gabanka a rubuta maka lambobin a takarda.

Ranar Juma'a da safe, kafin masu niƙa su taru, a kashe inji a zare bel, ku zauna kai da bakaniken da yaron ku buɗe gidan boris ɗin tare. Kada a wanke komai sai kun duba tsagin da 'yar hudar. Ka ɗauki hoton cikin gidan, da ƙwallayen tsohon boris, da fuska biyu na metal ɗin da ya ƙone, ka aiko mini tare da lambar boris da sunan injin, in sha Allahu zan gaya maka abin da na gani a jikinsu.